Bashin Gyaran Rufin da Na Ɓoye wa Mijina Gaskiyarsa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da takwas, ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke auna tsabtar ruwan sha a Lyon. 'Yar Damagaram ce ni. Karatu ya kawo ni Faransa a farkon shekarun dubu biyu, na gama, na samu aiki, na yi aure. Mijina mutumin Tawa ne, ya girme ni da shekara bakwai, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito. Faransanci a bakinsa ba laifi, amma karatun allo da na zaure ya yi, lakwal ɗinsa, wato boko, ba ta yi nisa ba, don haka duk takardar da ta shigo gidanmu ni ake ajiye wa sai na dawo aiki. Har matan ƙasarmu da ke unguwar Minguettes kan kawo mini dosiyensu na neman gida ko na takardun zama in cika musu. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan. Na saba a ce ni ce na sani.

Shekara huɗu muka yi a hawa na goma sha ɗaya a Minguettes, can na haifi 'yan biyunmu mata. Suna da shekara biyu muka sayi wani ƙaramin tsohon gida a gefen Vénissieux, mai ɗaki uku da ɗan fili a baya, da bashin banki na shekara ashirin. Tun farko mijina bai so maganar bashi mai ruwa ba. Ya yi ta tambayar malamai, ya yi ta jinkiri, ni na matsa har ya yarda. Ranar da muka karɓi mabuɗi ya ce mini shi dai shekara ashirin zai ƙirga, idan Allah ya kai mu, ranar da aka biya na ƙarshe zai huta da aikin ƙarfi, ya riƙa rabin shekara a Tawa kusa da 'yan'uwansa. Kowace shekara idan watan da muka sayi gidan ya zagayo sai ya faɗi adadin da ya rage, yana dariya.

Muna shekara ta bakwai a gidan rufin ya fara yoyo. Da farko ɗan tabo ne a silin ɗin ɗakin yara, sai ya zama muna ajiye bokiti duk ranar da aka yi ruwa. Bangon ɗakin ya jiƙe ya yi baƙi, ga shi ɗaya daga cikin 'yan biyun tana da fuka, a lokacin sanyin nan sau biyu muna kwana da ita a likita. Mai gyaran rufi da muka kira ya hau ya duba, ya sauko ya ce katakon ciki ya ruɓe, faci ba zai yi ba, sai an ɗaye duka. Ya ƙara da cewa bangon ma sai an yi masa magani, wayoyin lantarkin da ke cikinsa kuma tsofaffi ne, sun sha ruwa. Takardar ƙiyasin da ya ba mu ta tashi yuro dubu ashirin da takwas. Abin da muka tara bai kai dubu huɗu ba.

Na je bankinmu na nemi su ƙara mana a kan bashin gidan. Matar da ke kula da asusunmu ta duba ta ce ba zai yiwu ba, saboda akwai bashin mota a kanmu, abin da muke biya duk wata ya riga ya kai iyakar da suke yarda. Ta ce mu jira shekara ɗaya da rabi mu gama da motar, sannan mu dawo. Na fito ina jin kamar ta raina ni. Bayan 'yan kwanaki wata abokiyar aikina ta ba ni lambar wani dillalin bashi, irin waɗanda ake kira kurtiye, ta ce bironsu, wato ofishinsu, a Paris yake kuma su ba sa cewa a'a. Na kira, aka ba ni rana, na ɗauki hutun kwana ɗaya na hau jirgin ƙasa.

Mutumin ya karɓe ni da mutunci, ya kawo mini kafe, ya yaba aikina, ya ce da ganina ba sai ya yi dogon bayani ba. Ya ce abu ne mai sauƙi: wani banki zai biya tsohon bashin gidan da na motar gaba ɗaya, ya haɗa su wuri guda, ya ɗora mana dubu ashirin da takwas a kai, kuma abin da za mu riƙa biya duk wata zai ragu da kusan yuro ɗari biyu. Na tambaye shi kuɗin aikinsu. Ya ce kar in damu, ba zan ciro ko sisi daga aljihuna ba, komai yana ciki. Wannan magana ta komai yana ciki, ni na fassara ta yadda nake so. Ban tambaye shi cikin me ba. Ban tambayi shekarun ba, ko da yake na ga ya rubuta wani adadi na watanni a gefen takardar. Na ji kunyar in nuna akwai abin da ban gane ba, bayan ya gama cewa ni mai ilimi ce.

Takardun tayin bashin sun zo ta gidan waya, shafi wajen arba'in. A dokar ƙasar nan sai an jira kwana goma kafin a sa hannu, don mutum ya karanta ya yi tunani. Kwana goman nan takardun suna cikin jakata ta zuwa aiki. Shafin farko na duba, na ga abin da za mu biya a wata, na rufe. Na riga na kira mai rufi na ce ya sa mana rana, na kuma riga na gaya wa mata a wajen wani suna cewa mun samu kuɗin gyara. Da mijina ya tambaye ni yadda za a ƙara wa mutum bashi kuma biyan watansa ya ragu, na ce masa kuɗin ruwa ne ya sauka a kasuwa. Akwai ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa na faɗa ba tare da gabana ya faɗi ba. Na nuna masa inda zai sa hannu, ya sa, muka mayar.

Saura zuwa wajen noter, wato jami'in da ke rubuta jinginar gida. Wata Talata ce da safe, a tsakiyar Lyon. Muka zauna mu biyu a gaban teburinsa, ya buɗe takardu ya fara karantawa da sauri-sauri irin nasu. A nan na ji komai. Tsohon banki zai cire tara saboda mun biya shi kafin lokaci. Akwai kuɗin ɗage tsohuwar jingina, akwai kuɗin rubuta sabuwa, akwai ladan noter ɗin kansa, akwai kuɗin buɗe dosiye a sabon banki, sai kuma kason dillali, wanda ya fi kowanne girma. Duk daga cikin dubu ashirin da takwas ɗin za a cire. Abin da zai shigo hannunmu dubu goma sha bakwai ne da 'yan kai. Sai ya karanta wa'adi: wata ɗari uku. Shekara ashirin da biyar ke nan, a madadin goma sha uku da suka rage mana. Na gane kowace kalma. Amma sai na ji kamar labarin wasu ake karantawa.

Mijina ya tsinci wasu kalmomin. Ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, “Maman 'yan biyu, me yake cewa? Na ji yana ta lissafa kuɗi, na kuma ji wata ɗari uku.”

Noter ya dakata yana kallonmu, biro a hannunsa. Na ce, “Ba komai, Malam. Al'adarsu ce su karanta iyakar da doka ta ba su. Namu yana nan yadda yake. Sa hannu kawai.”

Ya dube ni, ya yi bismilla, ya sa.

Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni cewa a dakata. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Na tuna bokitin ɗakin yara, na tuna mai rufi zai zo ranar Litinin, na kuma tuna cewa idan na tsaya sai na faɗa a gaban baƙo cewa ban karanta ba. Na ce a raina zan gyara daga baya, zan yi ƙarin aiki in cike giɓin, in riƙa rage bashin da kaɗan-kaɗan har shekarun su dawo daidai kafin ya sani. Muka fito, ya saya mana gasasshiyar kaza a hanya don murna. Na ci, ban ji ɗanɗanonta ba.

Kuɗin ya isa rufi kaɗai. Na ja mai aikin gefe na ce ya yi rufin, bango da lantarki sai gaba. Mijina kuma na ce masa ma'aikatan bangon aiki ya yi musu yawa, sai bazara. Bazara ta zo na ce sai bangon ya gama bushewa. Muka mayar da yaran ɗakinmu, mu muka koma falo, wai na ɗan lokaci. Na shafa wa bangon fenti da kaina, bayan wata uku baƙin ya sake fitowa. Ragin yuro ɗari biyun ma bai tabbata ba, domin asirans ɗin sabon bashi, wato inshora, ya fi na da tsada nesa ba kusa ba, tunda yanzu mun ƙara shekaru kuma an gano mijina yana da ciwon suga. Na karɓi aikin Asabar, na rage abin da nake aika wa mahaifiyata na ce mata rayuwa ce ta yi tsada. Da na kira dillalin in yi ƙorafi, cikin ladabi ya gaya mini lambar shafin da aka rubuta komai, ya tuna mini cewa akwai sa hannuna a ƙasan shafin. Na duba, yana nan. Na ce masa na gode.

Shekara biyu bayan haka siton da mijina ke aiki ya rage ma'aikata, har da shi. Ya nemi wani a Lyon wata bakwai bai samu ba, sai wani ɗan garinsu ya samo masa irin aikin a kusa da Bobigny, can gefen Paris, ya kuma ba shi wurin shimfiɗa katifa a ɗakinsa a Sevran. Ba na manta abin da ya ce ranar da zai tafi. Ya ce in yi haƙuri, abu ne mai iyaka, shekara goma da 'yan watanni suka rage, zai daure. Na taya shi ninke kaya. Daga nan sai ya zama duk mako biyu yake zuwa, ya shigo kar, wato motar bas, ta Juma'a da yamma ya koma Lahadi, saboda jirgin ƙasa ya fi tsada. Yara suka girma suna ganinsa kwana huɗu a wata. Ya rame, ƙafafunsa suka fara kumburi. Duk shekara yana faɗin adadinsa a waya: saura tara, saura takwas. Ni kuma in ce Allah ya nuna mana. A shekarun nan ban yi kuka ba ko sau ɗaya. Ina tashi, in yi salla, in kai yara, in auna ruwa, in dawo. Idan aka ba da labarin dariya a wurin aiki sai na ga mutane sun yi sannan in yi.

Shekara shida bayan sa hannun, ɗan garin nasu zai kawo iyalinsa, sai mijina ya shiga neman ɗaki na kansa. Ofishin da ke taimaka wa masu neman gida a Bobigny suka ce ya kawo shaidar duk abin da yake biya. A zuwansa na ƙarshen mako ya ɗauki takardun bashin daga cikin durowa ina wurin aiki, bai ga abin faɗa ba, tunda nasa ne. Ma'aikaciyar da ke cika masa dosiye ce ta karanta masa shekarar da bashin zai ƙare, don kawai ta tabbatar. Ya ce mata ta yi kuskure. Ta juyo masa takardar ta ɗora yatsa a kan layin, sannan ta bi masa shafin kuɗaɗen da aka cire ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Laraba ce, na dawo aiki wajen la'asar na same shi zaune a kicin, bai ko cire rigar sanyinsa ba. Yara suna lakwal. Takardun suna kan tebur. Na yi masa sannu da zuwa, ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, kamar kullum. Sannan ya ce, “Maman 'yan biyu, shekara nawa ta rage mana?”

Na ce, “Goma sha tara.”

Ya ƙirga da yatsunsa a kan gwiwa. Ya ce, “Saba'in ke nan zan yi.” Sannan ya ce, “Ranar nan a wajen noter, kin ji abin da ya ce?”

Na ce na ji.

“Kin gane?”

Na ce na gane.

Ya ce, “Ai na tambaye ki.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina jiran faɗa, ina ma fatan ya yi, bai yi ba. Ya tashi ya yi alwala ya yi salla, ya jira yara suka dawo ya yi hira da su, ya ci abincin da na dafa, washegari da safe ya koma bakin aikinsa. Na ba shi haƙuri a ranar, na sake ba shi a waya, na sa yayata da ke Damagaram ta kira shi. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, domin ba mutum ne mai magana biyu ba. Bai taɓa yi mini gori ba, bai gaya wa danginsa ba, bai rage mini komai na haƙƙina ba. Abu ɗaya ne ya canja. Tun daga ranar, duk takardar da ta zo da sunansa sai ya ninke ta ya sa a aljihu ya tafi da ita Paris, wani ya karanta masa a can. Ko ta likita ce.

Da kansa ya yanke shawarar a sayar da gidan. Ya ce ba zai iya shekara goma sha tara a kan katifar aro ba, kuma yana so ya zauna da 'ya'yansa kafin su tashi. Muka jira suka gama jarrabawarsu ta ƙarshe, muka sa gidan a kasuwa. Duk mai sayen da ya shigo bangon nan yake fara gani, ya rage farashi. Da aka sayar, sabon bankin ma ya cire tarar biya kafin lokaci, aka sake biyan kuɗin ɗage jingina. Na ga a shekara takwas ɗin da muka yi muna biya, uwar kuɗin kaɗan ta ragu, yawanci ruwa da asirans muka yi ta zubawa. Abin da ya rage mana bayan shekara goma sha biyar a gidan bai isa sayen ko ɗaki ɗaya ba. Wannan karon ya zo wajen noter da wani ɗalibin shari'a ɗan ƙasarmu, ya zauna tsakaninmu yana fassara masa layi-layi. Ni ina gefe, aka miƙo mini biro na sa hannu.

Yanzu haya muke a Sevran, hawa na shida. Na samu aiki a wannan ɓangaren, yaran suna jami'a, mai fukar ta samu sauƙi. Mijina har yanzu yana aiki, ya daina maganar Tawa. Muna zaman lafiya, muna gaisawa, muna cin abinci tare. Idan aka tambaye ni ko ina kewar gidan sai in ce gaskiya ba na jin komai game da shi. Na taɓa wucewa ta layin da na je Lyon ta'aziyya, na ga sababbin masu shi sun canja ƙofa, na tsaya na kalla kamar gidan da ban taɓa shiga ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san da yawa daga cikinmu a ƙasashen nan suna da gida a kan bashi, kuma kowane gida wata rana zai nemi gyara. Idan aka ce za a ƙara muku kuɗi a kan bashin gida, ragin biyan wata kar ya rufe muku ido. Ku tambayi nawa ne zai shigo hannunku bayan kowa ya cire nasa, ku sa a rubuta muku. Ku tambayi shekarar da za ku gama, ku lissafa shekarunku a lokacin. Kwanakin da doka ta bayar na tunani, ku zauna ku karanta, ku kai wa wanda ba shi da kaso a ciki ya duba muku. Da na jira shekara ɗaya da rabi da aka ce, ko na nemi ƙaramin bashi na rufin kaɗai, ko na buɗe baki na nemi taimakon 'yan'uwa, da wataƙila ba haka labarin yake ba.

Wanda kuma Allah ya sa shi ne mai karanta wa wani takarda, miji ne ko mata ko ɗa, ya san amana ce a hannunsa. Dillali da banki sun ci abin da suka ci, kuma a rubuce suka ci, ba su ɓoye mini ba. Ni ce na ɓoye. Idan kun gane kun yi kuskure, ku faɗa a ranar, ko a gaban waye, kunyar ta ɗan lokaci ce. Ni na guje wa kunyar minti biyar, mutumin da ya yarda da ni ya yi shekara shida yana ƙirga lissafin da na san ƙarya ne, ina amsa masa da amin. Ku sa mu a addu'a. Allah ya yafe mana, ya kuma tsare ku.